ZAMAN GIDA: Arahar Nan, Domin Wa Aka Yi Ta?

A wannan wata za mu duba wata tambaya da wata uwargida ta aiko mana daga Tafoki, a ƙasar Faskari. Ta roƙa kada a ambaci sunanta, mun kuwa amince. Ga taƙaicen maganarta.

Maigidanta malamin makarantar firamare ne, yana kuma taɓa noma. Allah ya ba su masara da dawa waɗanda za su kai su wata kaka in an yi tattali. Amma duk sa'ad da aka ji an kawo hatsi ko shinkafa na rangwame, shi ne kan gaba a layi. Wani lokaci har yakan tura ƙanensa da babban ɗansu su ma su karɓo. Ita kuwa abin yana damunta, gama a unguwarsu akwai gwauraye, akwai kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, tana ganinsu suna komowa hannu wofi domin kayan sun ƙare kafin layi ya kai kansu. Maigida ya ce kayan gwamnati na kowa ne, da kuɗinsa ya saya, bai saci na kowa ba. Ita ta ce duk da haka zuciyarta ba ta kwanta ba. Tambayarta ita ce: Kirista wanda yake da abinci a gida, daidai ne ya sayi abincin da aka rage wa kuɗi, ko kuwa ya kamata ya bar wa marasa ƙarfi?

Mun gode, 'yar'uwa. Wannan gardama ba a gidanku kaɗai ake yinta ba. Har a Ingila ana yinta. A can manyan kantuna sukan manna wata 'yar takarda rawaya a jikin burodi ko nama ko madara da ranar lalacewarsu ta kusa, su karya kuɗin, mutane kuwa suna ta musu a kan ko mai albashi mai kauri ya kyautu ya kwashe irin waɗannan kaya. A Faransa ma, a shekarar 2016, an kafa doka da ta hana manyan kantuna zubar da abincin da bai riga ya lalace ba, sai dai su ba ƙungiyoyin taimakon matalauta. Amma damuwarsu a can, abinci ne ya yi yawa har ana zubarwa. Mu a nan abincin ne bai isa ba, don haka maganar ta fi nauyi a wurinmu.

Kowa ya san halin da ƙasar Faskari da Sabuwa da Kankara suka shiga. Ƙasa ce ta noma wadda ta saba ciyar da birane, amma shekara da shekaru 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Duniya duka ta ji sunan Kankara a watan Disamba na 2020, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Iyalai da dama sun bar gida da rumbu, sun koma Funtuwa da wasu garuruwa suna zaman haya ko zaman alfarma. A kan wannan kuma, ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, abinci ya bi shi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kuɗin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa a cikin watanni 6 na farkon 2025, yara 652 suka mutu a asibitocinta na Jihar Katsina saboda tamowa. To, kun ga zancen tiya biyar ko goma na hatsi ba ƙaramin zance ba ne. Ga wani gida, shi ne tsakanin rai da mutuwar yaro.

Amsata a gajarce ita ce: araha ba iri ɗaya ba ce. Kafin ka miƙa hannu, ka tambayi kanka abu biyu. Wa ya ɗauki asarar da ta sa abin nan ya yi araha? Domin wa kuma aka yi arahar? In muka bi wannan, za mu ga araha iri uku ce a ƙasarmu.

Arahar yamma

Ta fari ita ce wadda kowa ya sani a ranar kasuwa. Rana ta yi sanyi, kasuwa tana watsewa, mai tumatir da mai alayyafo da mai yalo suna neman su rabu da sauran kayansu, gama in sun kwana sai juji. Mahauci ma yakan ƙara tsoka a kashin nama in magariba ta gabato. Haka nan mai kanti yakan karya kuɗin madarar gwangwani ko taliya in ranar da aka rubuta a jiki ta kusa.

Wannan araha ta kowa ce. Mai kaya ya yi ta domin kansa, don kada ya tashi a tutar babu. Sau da yawa matar da take zaune gaban kwandon tumatir ɗin ta fi mai sayen talauci. In masu hali duka suka ce sun bar wa talakawa, talakawan kuwa ba su da kuɗin saye, tumatir ya ruɓe, ita ta koma gida da bashi. Saboda haka, uwargida, in kin sami arahar yamma ki saya da zuciya ɗaya, ki yanka ki shanya, ki yi kauɗa. Tattali ba zunubi ba ne. Ubangijinmu da kansa, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace, suka cika kwando 12.

Sai dai a kula da abu uku. Kada ka tsaya kana ja wa mai kaya rai da gangan, kana jiran duhu ya yi don ka saye guminta a banza. Kada kuma ka kwashe kashi duka alhali ga wata tsohuwa a bayanka tana juya 'yan canjinta a bakin zane; ka ɗauki na miyarka, ka bar mata nata. Na uku, a duba ranar da aka rubuta a jikin gwangwani ko leda. Abin da ya riga ya lalace, bai kamaci ɗanka ba, bai kuma kamaci ɗan maƙwabcinka ba. Annabi Amos, a sura 8, ya tsauta wa 'yan kasuwar zamaninsa masu rage mudu, masu sayar wa matalauta har da sharar alkama. Kyautar ruɓaɓɓen abu ba sadaka ba ce.

Arahar da aka shirya

Ta biyu ita ce wadda 'yar'uwarmu take magana a kai. A nan ba mai kaya ne ya karya kuɗi don ya tsira ba. Gwamnati ce, ko ikilisiya, ko wani mai arziki, ya sayi kayan da tsada ya sayar da araha, ya cika gibin daga aljihunsa ko daga baitulmali, domin wasu mutane da ya nufa. Mun ga irin wannan da yawa a 'yan shekarun nan. A lokacin azumin 2024 gwamnatin Jihar Katsina ta sayi hatsi ta sayar da rangwame, aka kuma ƙayyade abin da mutum ɗaya zai iya saya. A watan Maris na wannan shekara ta 2024 gwamnatin Legas ta buɗe kasuwannin ranar Lahadi inda aka rage kashi 25 cikin 100. A watan Satumba kuma Gwamnatin Tarayya ta fara sayar da buhun shinkafa mai kilo 50 a kan naira 40,000, mutum ɗaya buhu ɗaya, sai kuma ya nuna lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa.

Abin da ya raba wannan araha da ta yamma shi ne, kayan ƙidayayyu ne, masu bukata kuwa sun fi kayan yawa. Bari mu yi lissafi da misali. A ce an kawo buhu 100 a wata mazaɓa. Buhu yakan ci wajen tiya 40, watau tiya 4,000 ke nan. In an ce kowane gida tiya 10, gida 400 ne za su samu. To, in maigida ɗaya ya tsaya da kansa, ya tsayar da ƙanensa, ya tsayar da ɗansa, gidansa ya ci rabon gida 3. Ba a ƙara buhu ko ɗaya saboda shi ba. Gida 2 ne aka cire daga ƙarshen layi. Su wa ke ƙarshen layi kuwa? Tsohuwar da ba ta iya sammako, da mai jego, da baƙon da bai san kowa a kwamiti ba, da gwauruwar da sai da ta zaga neman rancen kuɗin kafin ta zo. Tiya goman nan da za su kwanta a ɗakin malam har ƙwari su huda su, abincin mako guda ne ko fiye a gidan wata.

Littafi Mai Tsarki yana da suna ga irin wannan abinci, mu Hausawa ma muna da shi. Sunansa kala. A cikin Littafin Firistoci sura 19 da sura 23, Allah ya umarci Isra'ilawa kada su girbe gona har gefe, kada kuma su koma su tsince abin da ya zuba, su bar wa matalauci da baƙo. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an ƙara cewa ko dami ne mutum ya manta a gona, kada ya koma ɗauka. Na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Ku lura fa, gonar tasa ce, irin nasa ne, shi ya yi huɗa, shi ya yi noma. In ana maganar iko, ba wanda ya fi shi iko da zangarniyar nan. Duk da haka Allah ya ce akwai wani kashi a cikin gonarka wanda ba naka ba ne. Da wannan doka Rut, baƙuwa daga Mowab, gwauruwa kuma, ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a Baitalami. Bo'aza bai tsaya kan abin da doka ta ce kaɗai ba, har ya gaya wa masu girbinsa su riƙa zare wasu zangarnu da gangan suna yar mata. Daga zuriyar wannan mai kala aka haifi Sarki Dawuda, daga zuriyar Dawuda kuma aka haifi Mai Cetonmu.

Dattawanmu sun san wannan tun kafin su ji labarin Rut. In an gama cirar gyaɗa ko roron wake, tsofaffi da yara sukan shiga kala, mai gona ba ya korarsu. Amma a ce magidanci mai rumbu uku ya ɗauki ƙwarya ya shiga kalar gyaɗa tare da tsofaffi, ai sai garin ya ɗauka da dariya, 'ya'yansa su rasa inda za su sa kansu don kunya. Hatsin rangwame kalar zamani ce. Abin da ya sāke kawai shi ne an zo da shi a mota, an sa layi, an rubuta sunaye, shi ya sa kunyar ta gushe.

Manzo Bulus ma ya yi irin wannan magana a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 5. Ya ce mai bi wanda yake da gwauraye a danginsa ya ɗauki nauyinsu, kada a jibga wa ikilisiya, domin ikilisiya ta iya taimakon gwaurayen da ba su da kowa. Ma'anar a fili take. In taimako kaɗan ne, mai iya tsayawa da ƙafarsa ya matsa gefe domin ya isa ga wanda ba ya iyawa.

Hujjojin maigida

Kada mu yanke wa malam hukunci ba mu saurare shi ba, gama maganarsa tana da ƙamshin gaskiya a wurare da dama.

Ya ce kayan gwamnati na kowa ne, shi ma ɗan ƙasa ne, daga albashinsa ake cire haraji. Gaskiya ne. Gaskiya ne kuma albashi ba ya kai wata. Sa'ad da aka mai da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 a watan Yuli na 2024, buhun shinkafa guda a kasuwa ya fi wannan kuɗi. Malamin makaranta ba attajiri ba ne. Saboda haka a duba domin wa aka kawo kayan. Gwamnatin Jihar Katsina ta buɗe shagunan rangwame da aka sa wa suna Rumbun Sauƙi a 2025, da nufin sauƙaƙa wa ma'aikata da 'yan fansho. Irin wannan, in an ce na ma'aikata ne, malam ya je ya sayi rabonsa, ba wanda zai ga laifinsa. In kuwa an ce na marasa galihu ne da 'yan gudun hijira, shi kuma ga masara a rumbu, to ba nasa ba ne, ko da ɗan kwamiti abokinsa ne, ko da ba wanda zai hana shi. Batun tura ƙane da ɗa kuwa, alhali tukunyarsu ɗaya, wannan ba ya bukatar dogon bincike. An ce gida ɗaya rabo ɗaya, ka mai da gidanka uku. Ƙarya ce, ko da ba a buɗe baki an faɗe ta ba.

Wataƙila kuma ya ce, in na bari ma ba gwauruwar za ta samu ba, ɗan kasuwa ne zai turo yaransa su saye, gobe mu gan shi a rumfa da tsada. Wannan ma yakan faru. Manyanmu suna tune da layin kayan masarufi na shekarun 1984 da 1985, sa'ad da ake kwana a layi domin shinkafa da sukari da madara da sabulu, a wayi gari a ga kayan a hannun 'yan kasuwa. Mun kuma ga yadda takin zamani na gwamnati yakan bi ta bayan gida ya fito kasuwa. Amma satar wani ba ta halatta maka taka. In da gaske tsoronka ke nan, ga hanya: ka yi sammakon nan da ka saba, ka riƙe wa tsohuwar layi. In ba ta da kuɗin, ka ba ta ko ka ranta mata. In an gama, ɗanka ya ɗora mata a keke ya kai mata gida. Ƙarfin nan da sanin mutanen nan da kake amfani da su domin kanka, ka yi amfani da su domin ta.

Akwai kuma wani abin da ba a cika tunawa da shi ba. Kowane mutum da ya shiga taron da ba ya bukata, ya ƙara cunkoso. A watan Fabrairu na 2024, Hukumar Kwastan ta sayar da shinkafar da ta kama, buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000, a unguwar Yaba ta Legas, mutum 7 suka mutu a turmutsutsu. A watan Disamba na shekarar, yara 35 suka mutu a wani taro a Ibadan, bayan kwana kaɗan mutum 10 suka mutu a harabar wata majami'a a Maitama, Abuja, wajen rabon abincin Kirsimati. Waɗanda akan tattake a irin wannan wuri, yawancinsu mata ne da yara da tsofaffi. Mai ƙarfi wanda ya zauna a gida ranar rabo, ya bar wa mai rauni hatsi, ya kuma bar masa wurin numfashi.

Amma ga gargaɗi gare mu duka. Kada wannan magana ta sa mu zama 'yan sandan layi, muna nuna mutane da baki muna cewa dubi wane da babbar riga ya zo cin rabon talakawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai mai wankakkiyar riga wanda rufin asiri ne kawai ya rage masa. Akwai wanda bara yana da shanun huɗa, bana ya sayar da su duka ya biya kuɗin fansar ɗansa. Akwai mai albashi wanda gida uku na 'yan'uwansa da aka koro suke ci daga tukunyarsa. Awon ba a riga yake ba, a rumbu yake. Kowa ya leƙa nasa rumbu, ya ƙidaya bakunan da yake ciyarwa, ya ƙidaya watannin da suka rage kafin sabon hatsi. In lissafi ya nuna ba za ku kai ba, je ka shiga layi, kada ka ji kunya, domin ka aka kawo. In ya nuna za ku kai, ka gode wa Allah ka zauna a gida.

Arahar kaka

Ta uku ba a cika kiranta da suna ba, amma ta fi sauran cin talaka. Da kaka hatsi yakan faɗi a kasuwannin Dandume da Sheme da Funtuwa. Me ya sa? Domin ƙaramin manomi ba ya iya jira. Ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga asibiti, wani ma ga harajin da 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyensu. Sai ya kai masararsa kasuwa lokacin da kowa yake kaiwa, ya sayar a yadda aka taya. In damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, rumbunsa ya ƙare, sai ya koma ya sayi masarar nan tasa da tsada. A 2025 hatsi ya yi sauƙi ƙwarai bisa ga 2024, masu saye suka ji daɗi, amma manoma da yawa da suka sayi taki da tsada ba su mai da kuɗinsu ba. Wannan araha, manomi ne ya biya ta da guminsa.

Ba laifi ba ne magidanci ya sayi abincin shekara da kaka ya ajiye. Hikima ce, Yusufu ma ya tara hatsi a Masar shekara 7 domin shekarun yunwa. Amma Yusufu ya buɗe rumbunan sa'ad da yunwa ta zo. Littafin Karin Magana sura 11 ya nuna cewa mai ɓoye hatsi yana jawo wa kansa la'anar jama'a, mai fitarwa ya sayar kuwa yana samun albarka. Saboda haka in ɗan'uwa ya zo maka da buhu a matse, kada ka ce ga banza ta faɗi. Ka biya shi kuɗin kasuwa cif, ka auna da tiyar da kake so a auna maka. In kana da hali, ka ranta masa abin da yake bukata ba da ruwa ba, ya riƙe hatsinsa. Al'adar nan ta ba da buhu ɗaya da damina a karɓi biyu da kaka, bai kamata a same ta a gidan mai bi ba.

Abin da ikilisiya za ta yi

Mu ma a ikilisiya sai mu duba kanmu. A ranar godiyar kaka 'yan'uwa sukan kawo masara da dawa da wake gaban Ubangiji. A wurare da yawa, da an tashi sujada sai a yi gwanjonsu nan take, a lokacin da hatsi ya fi araha, masu kuɗi a cikinmu su saye. Ina roƙon dattawan ikilisiya su yi shawara a kan wannan. Me zai hana a keɓe wani kashi, a zuba a buhunan da ba sa shan iska don ƙwari, a ajiye har Yuli, sa'an nan a ba gwauraye da marayu kyauta, a sayar wa sauran masu bukata a kuɗin kaka? A cikin Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su share maganar ba. Sun sa an zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. Mu ma mu zaɓi amintattu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a.

A sa Zumuntar Mata a cikin aikin, gama su suka san gidan da aka kwana biyu ba a ga hayaƙi ba. A kai wa mutum har gida, da yamma, ba layi, ba ɗaukar hoto, ba kiran suna a gaban jama'a. Kada kuma a tsaya kan 'yan ikilisiya kaɗai. Yunwa ba ta tambayar addini, maƙwabtanmu Musulmi ma sukan fid da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, sau da yawa kuwa maƙwabci Kirista yakan samu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ga uwargida da maigida

'Yar'uwa, damuwar da kike ji ba ta banza ba ce, lamirinki yana kan hanya. Amma ki kula da yadda za ki kai maganar. Kada ki yi ta a gaban yara, kada ki kai ƙararsa wurin matan zumunta, kada kuma ki kira shi mai haɗama. Mutumin da ya ga shekarar 2024 da idonsa, ya ga albashinsa ya narke a hannu, tsoro ne yake tura shi layi, tsoron kada ku da yara ku rasa. Ki gode masa saboda wannan kula. Sa'an nan ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ku zauna ku biyu ku ƙidaya buhunanku da watanninku. In ya ga da idonsa za ku kai, rabin gardamar ta ƙare. Ki kawo masa sunan gida ɗaya, ɗaya tak, da kuka sani suna cikin wahala, ki ce rabon nan na gaba mu taimaki su wane su samu.

Kai kuma malam, in wannan shafi ya zo hannunka, ka tuna kai mai koyarwa ne a aji, mai koyarwa ne kuma a gida. Yaron da ka tura layi ya ce shi gidansa dabam, ya koyi darasi a ranar, zai kuwa riƙe shi fiye da wanda ka rubuta a allo. Ka tuna da manna a jeji, a Littafin Fitowa sura 16. Allah ya ba kowane gida gwargwadon yawan mutanensa, waɗanda suka ɓoye ƙari domin gobe kuwa suka tashi suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Wanda ya cika maka rumbu bana bai gaji ba.

A sujadar iyali ta wannan wata, ina ba ku shawara ku karanta Littafin Rut sura 2 tare da yara, ku tambaye su wa ke bukatar kala a unguwarku. Za ku yi mamakin abin da suka sani. Mu ci gaba da addu'a domin ƙasar Faskari da Sabuwa da Kankara, Allah ya kawo salama, kowa ya koma gonarsa ya ci guminsa. Masu tambaya a kan zaman gida su ci gaba da aiko mana. Ubangiji ya kiyaye ku, sai wata mai zuwa in ya yarda.